Gargaɗi ga masu sayen tsirkiyar ukulele ta intanet: ana sayar da zaren fatsa da sunan kayan Italiya

Ina jan hankalin duk wanda yake da ukulele, wato ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu, a gida, ko yake koyar da ita a makaranta ko a coci, ko yake shirin saya wa ɗansa sababbin tsirkiyoyi, cewa akwai wani mai talla a shafukan sada zumunta da yake karɓar kuɗin jama'a da sunan tsirkiyoyin kamfanin Aquila na Italiya da na D'Addario na Amurka, alhali abin da yake aikowa zaren fatsa ne da aka yanka gida huɗu aka cusa a cikin kwalin jabu. Waɗannan kamfanoni biyu ba su da hannu a cikin lamarin, sunansu kawai ake hawa a cuci mutane. Sunan shafin nasa kuwa ba ya daɗewa, domin da zarar ƙorafi ya yi yawa sai ya sauya shi ya ci gaba da tallarsa da hotuna iri ɗaya, saboda haka abin da zai fi amfanar mai karatu shi ne ya san salon aikinsa, ya kuma san yadda tsirkiyar gaskiya take kafin ya tura ko sisin kwabo.

Dalilin da ya sa damfarar take tafiya a wurinmu ba ɓoyayye ba ne. Ukulele baƙuwa ce a nan. Asalinta tsibiran Hawai, inda ta samo tushe daga ƙananan jitocin da baƙi 'yan tsibirin Madera na ƙasar Fotugal suka shigo da su a shekarar 1879, kuma har yau a garuruwanmu shagon da yake sayar da jita da ganga da amsa-kuwwa ba lalle ne ya ajiye tsirkiyarta ba. Wanda tasa ta tsinke sai ya koma waya yana nema, kuma galibi bai taɓa riƙe kwalin gaskiya a hannunsa ba, tunda da tsirkiyoyin da ta zo da su yake amfani tun ranar da ya saye ta. Irin wannan mai saye shi ɗan damfarar yake jira.

Tallarsa tana da kyan gani. Yana sa hotunan kwalaye masu tsabta waɗanda ya kwaso daga shafukan kamfanonin, ya rubuta cewa kayan sun sauka daga Italiya ko Amurka, sannan ya sa farashin da bai kai rabin abin da lissafi zai bayar ba. A ƙasashen waje saitin tsirkiya huɗu na waɗannan kamfanoni yakan kama 'yan daloli, galibi ƙasa da dala 15, kuma duk wanda ya san canjin yau ya ɗora kuɗin jigila da ribar mai sayarwa zai gane cewa akwai iyakar da farashi ba zai sauka ƙasa da ita ba. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana. Idan ka yi masa magana sai ya ja ka zuwa WhatsApp, ya cika ka da ladabi, ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma Malam, Hajiya ai ke ce babbar kwastomarmu, sannan ya ce saura kwali biyu kacal kuma akwai wanda yake jira. Lambar asusun da zai turo tana ɗauke da sunan wani mutum dabam, ba sunan shagon da ke kan shafin ba, kuma idan ka tambaya zai ce na ƙaninsa ne ko na yaron shago.

Kunshin da ya iso hannun wata uwa da nake koya wa ɗanta kiɗa ya ishi misali. Kwalin daga nesa ya yi kama da na gaskiya, amma takardarsa laushi gare ta, rubutun ya ɗan yi dishi-dishi a gefe irin na abin da aka ɗauka hoto aka sake bugawa, kuma an liƙe bakinsa da salatif. A ciki zare huɗu ne a naɗe wuri ɗaya cikin leda, babu wata alama da za ta nuna wanne ne na farko wanne ne na huɗu. Bakin kowanne a karkace yake kamar an datse shi da reza. Da na jera su a kan farar takarda na murza kowanne tsakanin yatsu, sai ya bayyana cewa biyu kaurinsu ɗaya, sauran biyun ma kaurinsu ɗaya, wato daga ƙunshin zaren fatsa guda biyu aka yanko su. Kwalin ya ce Nylgut, wato wata irin tsirkiyar Aquila wadda fara ce mai launin madara, amma zaren da ke ciki garai yake kamar ruwa.

A nan ne ya kamata mai saye ya riƙe ilimi ɗaya wanda zai tsare shi. Ukulele ta yau da kullum ana ɗaure ta a kan sautuka huɗu, G da C da E da A, kuma galibi tsirkiyoyin huɗu kaurinsu ya bambanta. Ta C ce mafi kauri, ta E na biye da ita, sai ta G, sannan ta A wadda ta fi kowacce siranta. Wanda ya saba da jita zai yi mamakin ganin ta sama ba ita ce mafi kauri ba, amma haka tsarin yake, domin ana ɗaure G ɗin a kan sautin da ya fi na C sama. Bambancin kaurin ƙarami ne, mafi kaurinsu ma wajen milimita ɗaya ne, amma yatsa yana jin sa idan an natsu. Kamfanonin kirki kuma suna sa abin da zai bambance su, ko dai kowacce a takardarta da lambarta, ko ɗigon launi a bakinta tare da bayani a jikin kwali. Saitin da ya zo babu ko ɗaya daga cikin waɗannan abin tuhuma ne tun kafin a ɗaura shi.

Sai batun girma, wanda shi ma yana yin ƙarya a kansa. Yana rubuta cewa saitinsa yana shiga kowace ukulele. Girman ukulele da aka fi sani huɗu ne. Tsawon tsirkiya mai kaɗawa a sofrano kimanin santimita 33 ne, a konsat kimanin 38, a teno kimanin 43, a bariton kuwa yana kai wa wajen 50, kuma ita bariton ana ɗaure ta ne a kan D da G da B da E, irin na tsirkiyoyi huɗu na ƙasan jita. Gaskiya ne wasu kamfanoni suna haɗa sofrano da konsat a saiti ɗaya, amma babu saitin da zai yi daidai da su huɗun a lokaci guda. Kafin ka saya ka ɗauki tef ɗin tela ka auna tun daga ɗan ƙashin da ke wuyan ukulele har zuwa jakin da ke manne a fuskarta, ka san wadda kake da ita.

Abin da ya fi ɓata mini rai a lamarin mutumin nan shi ne yadda yake kare kansa da maganganun da asalinsu gaskiya ne. Idan ka koma ka ce masa sautin ba ya tsayawa, zai ce sabuwar tsirkiya dole ta miƙe, ka ba ta mako biyu. Lalle sabuwar tsirkiyar nailan ko fulorokabon, wato wani nau'in roba, tana saki a kwanakin farko, kana ɗaurewa tana sauka, har sai ta zauna. Shi kuwa makonnin nan biyu yake buƙata domin ya kwashe kuɗin daga asusun, ya toshe lambarka, ya sauya sunan shafi. Akwai hanyar rarrabewa tun a rana ta farko ba tare da jira ba. Ka sauke manhajar daidaita sauti a wayarka, ka ɗaure tsirkiyar A har manhajar ta nuna A daidai, wato 440, sannan nan take ka danne ta a kan gaɓa ta 12 a wuyan ukulelen ka kaɗa. Ya kamata manhajar ta sake nuna A, ko kusa da ita ƙwarai. Tsirkiyar da ba ta gama miƙewa ba tana cin wannan gwaji, domin sakinta a hankali yake zuwa. Wadda kaurinta bai dace da sautin ba kuwa, ko ba daidai yake daga farko zuwa ƙarshe ba, za ka ji ta kauce, ko ta yi lakwas tana bugun gaɓoɓi, ko ta yi tauri fiye da 'yan uwanta, kuma jiran shekara ba zai gyara ta ba. Idan ukulelen tana cin gwajin da tsofaffin tsirkiyoyinta amma ta faɗi da sababbin, laifin ba nata ba ne.

Kariyarsa ta biyu ita ce ai tsirkiyar fulorokabon da zaren fatsa duk abu ɗaya ne. Nan ma ya ɗauko gaskiya ya lanƙwasa ta. Sinadarin iri ɗaya ne, kuma akwai makaɗan da suke sayen zaren fatsa mai kyau da gangan, su zaɓi kauri huɗu da suka dace, su ɗaura su yi kiɗa lafiya. Ban ga aibin hakan ba ko kaɗan, kuma wanda ya sayar mini da shi a kan sunansa da farashinsa ba zan kira shi macuci ba. Amma wanda ya yanko kauri biyu daga zaren nailan mai arha, ya sa shi a kwalin wani kamfani, ya karɓi kuɗin kayan waje, zamba ya yi, ko da zaren ya yi sauti.

Mafi haɗari a cikin kayansa shi ne wanda yake kira na musamman mai ƙarko. Tsirkiyar ƙarfe ce ta jita yake gutsurewa ya aiko. Ukulele ta yau da kullum ba a ƙera ta domin ɗaukar jan ƙarfe ba. Fuskarta siririn katako ne, wuyanta galibi babu sandar ƙarfe a ciki, jakinta kuma a mafi yawansu gam ne yake riƙe da shi. Ƙarfen yana iya ɓamɓare jakin, ko ya kumbura fuskar, ko ya lanƙwasa wuyan, kuma a lokacin hunturu da katako yake bushewa gam yake rauni abin ya fi saurin faruwa. Kada a rikita wannan da tsirkiyar G mai zurfin sauti wadda ake sayarwa ta halal, wadda ita ma tana iya zuwa da naɗin ƙarfe a bayanta. A duba bakinta: ta gaskiya cikinta zare ne mai laushi kamar siliki, ta jitar ƙarfe kuwa cikinta waya ce mai tauri wadda za ta soki yatsa.

Ga waɗanda ya ga suna da ɗan hali yana da wani tarkon. Yakan ce yana neman dila a garinsu, su sayi katan guda a farashin sari su riƙa sayar wa ɗalibai da mawaƙan coci. Bayan an biya sai ya dawo ya ce kayan sun maƙale a hannun kwastan, a ƙaro wani abu a fito da su, daga nan kuma direban mota ya ƙara kuɗin aike. Katan ɗin ba ya zuwa. Malaman makarantu masu ɗalibai da yawa su ya fi nufa da wannan, domin ya san suna buƙatar saiti da yawa a lokaci ɗaya kuma kuɗin iyaye ne a hannunsu.

Kafin biya, a nemi ya ɗauki bidiyon kwalin a hannunsa, gaba da baya, yana faɗin sunan mai saye da ranar, domin hoton da aka kwaso daga intanet ba ya juyuwa. A tambaye shi adireshin shago wanda wani naka zai iya takawa ya gani. A Facebook akwai wurin da yake nuna tarihin shafi, ranar da aka buɗe shi da sunayen da ya taɓa ɗauka, kuma shafin da bara yake sayar da takalma bana ya koma kayan kiɗa ya faɗi abin da ya isa. Kamfanin D'Addario yana buga lamba a jikin ledar ciki ta kayansa wadda ake iya tantancewa a shafinsa, kuma ya daɗe yana yaƙi da masu kwaikwayon kayansa, saboda haka a yi amfani da wannan dama. Wanda yake son saitin Worth na ƙasar Japan ya sani cewa tsirkiyoyinsa dogaye suke zuwa, kowacce ana raba ta biyu ta yi ɗauri biyu, don haka gajeren zare a kwalin Worth shi ma alama ce. Idan da hali a biya bayan kaya sun iso an buɗe an gani, ko a aiki ɗan uwa da ke Legas ko Abuja ya shiga shagon kayan kiɗa da ƙafarsa, ko a sa wa mai dawowa daga tafiya saƙo, tunda saiti goma ba su cika aljihun jaka ba.

Wanda kuma ya riga ya faɗa hannunsa, kada kunyar ƙanƙantar kuɗin ta sa ya yi shiru, domin da wannan shirun yake samun na gaba. A adana rasit ɗin tura kuɗi da hotunan hirar da lambar asusun da kwalin kansa, a kai ƙorafi banki da wuri tun kuɗin ba su yi nisa ba, a kai rahoton shafin ga masu dandalin, sannan a shigar da koke wurin 'yan sanda ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC. Idan kuma akwai tsirkiyar ƙarfe a jikin ukulelen yanzu haka, a sassauta ta yau ɗin nan a cire, a duba gindin jakin ko ya fara ɗagawa ta hanyar gwada zura bakin takarda a ƙarƙashinsa. Idan takardar ta shige, kada a ɗaura wata tsirkiya sai mai gyaran jita ya sake manne shi ya bar gam ɗin ya kama sosai.