Giradiyomanomita ko na'urar hasken gama: wacce ta fi dacewa wajen auna nauyin ruwan rijiyar mai?

Malam, ka tambaya wace na'ura ce ta fi aminci idan ana son sanin nauyin abin da ke kwarara cikin rijiyar mai, tunda malaminku na sashen nazarin ƙasa a Samaru ya ambaci biyun bai fifita ɗaya ba. Amsar tana rataye ne a kan yadda rijiyar ta tsaya.

Dukansu na'urori ne da ake zurawa cikin rijiya, kuma abu guda suke nema, wato su bambance ruwa, wanda nauyinsa ya kai kusan giram 1 a kowane santimita kubik, da ɗanyen mai mai kusan 0.8, da iskar gas wadda ta fi su sauƙi nesa ba kusa ba, domin a gane daga wane zurfi ruwa yake shigowa.

Giradiyomanomita tana auna bambancin matsi tsakanin wurare biyu masu tazarar kusan ƙafa 2 a jikinta, daga nan a lissafo nauyin. A rijiya miƙaƙƙiya aikinta yana da kyau ƙwarai, kuma ba ta ɗauke da wani abu mai haɗari. Amma da zarar rijiya ta karkata, tazarar tsaye tsakanin wuraren biyu takan ragu, sai an yi gyara da kusurwar karkatar, idan kuwa rijiyar ta kwanta gaba ɗaya, bambancin matsin ya ɓace ke nan. Kwarara mai ƙarfi ma takan ƙara mata matsin gogayya, har ta nuna nauyin da ya wuce na gaskiya.

Ita kuwa na'urar gama tana harba hasken gama, wato hasken nukiliya mai ratsa abubuwa wanda ido ba ya gani, daga sinadarin siziyam 137 ta cikin abin da ke kwarara zuwa ma'auni, kuma gwargwadon nauyin abin da ke kwararar, gwargwadon raguwar abin da ya isa can. Karkata ba ta shafar lissafinta. Sai dai ɗan abin da ya ratsa ta kawai take gani, alhali a rijiya karkatacciya ruwa yakan kwanta ƙasa, mai ya bi sama. Saboda haɗarin siziyam ɗin kuma, ga batun lasisi daga hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, abin da ma'aikatan cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello suka san nauyinsa sarai.

A ganina, rijiya miƙaƙƙiya mai matsakaiciyar kwarara ba ta buƙatar fiye da giradiyomanomita. Mai karkata sosai a ba ta gama, a haɗa da ma'aunin saurin kwarara. Kwantacciya kuma ta fi ƙarfinsu duka, sai na'ura mai ƙananan ma'aunai jere daga ƙasan bututu zuwa samansa.