Ɗakin matsar tuffa da ɗakin gashin burodi a gonakin Nomandi

A tsofaffin gonakin Nomandi, arewacin Faransa, kowane aiki da gininsa a warwatse cikin lambun tuffa. Biyu daga ciki suka fi jan hankalina.

Ɗakin matsar tuffa shi ne babba. A cikinsa akwai kwami zagayayye na dutse, a da doki yana zagaya shi yana jan ƙatuwar ƙafa irin ta amalanke mai niƙe tuffa. Sai a shimfiɗa markaɗen, a bi da karan hatsi, hawa kan hawa, a danne da gungumen katako har ruwan ya tsiyaye. A ganga yake tsimuwa ya zama sida, giya ce mai sa maye, kada a ɗauke ta lemo. Aikinsa na kaka ne zuwa farkon hunturu.

Ɗakin burodi kuwa ɗan ƙarami ne, can nesa da gida don gudun gobara, tunda rufin ciyawa ya yi yawa. A hura ƙirare cikin tanderu har bulo ya ɗau zafi, a kwashe garwashi, a zura kwaɓi. A da, duk mako ɗaya ko biyu ana kunna shi, ba ya hutu.

Da za a ba ni zaɓi, ɗakin burodin zan fara gyarawa, domin a da daga bakinsa iyali da 'yan ƙodago suke ci.