IDAGIO: manhajar da ke tambayar halin zuciyarka kafin ta kunna maka kiɗa

Wata uku ke nan ina amfani da IDAGIO, manhajar sauraron kiɗan gargajiyar Turai da ake kira kilasika, wadda aka kafa a birnin Berlin na Jamus a shekarar 2015. Abin da ya ja hankalina gare ta shi ne wani sashe da ke jera sunayen yanayin zuciya, irin su natsuwa da murna da baƙin ciki, mutum ya taɓa wanda yake ciki ko wanda yake son shiga, ita kuma ta zaɓo masa kiɗan da ya dace. Na so in gani da kaina ko kiɗan da ba shi da baiti ko amshi, ba kirari ba zambo, zai iya juya zuciyar wanda ya tashi da sautin kalangu da goge a kunnensa.

Tsarin bincikenta ya cancanci yabo. A wannan fanni wanda ya tsara kiɗa daban, masu kaɗawa daban, jagoran ƙungiyar makaɗa daban, kuma kiɗa guda yakan samu naɗi masu yawa daga hannaye mabambanta. IDAGIO tana ware kowanne, har mutum ya iya jin yadda makaɗa biyu suka ɗauki abu ɗaya, wannan ya ja shi a hankali, wancan ya gaggauta. Haka kuma tana biyan masu kiɗa gwargwadon daƙiƙoƙin da aka saurara, abin da nake ganin adalci ne ga kiɗan da kan kai minti ashirin ko fiye.

Daren da na gane darajarta, wuta ta ɗauke, unguwa ta yi tsit, na sa iyafis na kwanta a kan tabarma a tsakar gida. Na kunna wani kiɗa mai suna Adagio na Samuel Barber, ɗan Amurka, kiɗan da ya samo asali a 1936. Kayan kiɗan duka 'yan uwan goge ne, masu tsirkiya da ake gogawa, ƙanana da manya. Sautin ya fara ƙasa-ƙasa kamar mai jin nauyin magana, yana hawa taki-taki, yana komawa baya, yana sake hawa, har na lura na riƙe numfashina ina jiran inda zai tsaya. Da ya kai ƙololuwa sai ya yanke, shiru ya biyo baya, tsikar jikina ta tashi tun daga wuya har hannuwa.

Wannan tashin tsikar jiki masana sun auna shi. A 2011 Valorie Salimpoor da Robert Zatorre da abokan aikinsu a Jami'ar McGill ta Kanada sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna sauraron kiɗan da ke ratsa su, suka gano tana sakin sinadarin dofamin, wanda ke da hannu a daɗin da ake ji wajen cin abinci. Abin da ya fi burge ni shi ne sakin yana faruwa a matakai biyu, wani sashe na ƙwaƙwalwa yana motsawa tun ana jiran gaɓar mai daɗi, wani kuma idan an isa gare ta. Ashe jiran da na yi a tsakar gida yana cikin daɗin, kuma kiɗan kilasika ya ƙware wajen jan rai da jinkirta abin da kunne ke tsammani.

A nan ne nake da ja da sashen zaɓen yanayi, duk da cewa shi ya shigo da ni. Ƙofa ce mai kyau ga baƙo wanda bai san sunan kowa ba, amma suna guda ba ya ɗaukar abin da ke cikin dogon kiɗa. Wanda aka ajiye a ƙarƙashin baƙin ciki sau da yawa sanyi yake sa wa zuciya, kamar yadda kuka kan sauke wa mutum nauyi, kuma yanki ɗaya da aka ciro daga kiɗa mai sassa huɗu ya rasa abin da ya gabace shi, wanda shi ne ke gina jiran. Shawarata ita ce idan wani yanki ya taɓa ka, ka nemi cikakkensa ka saurara daga farko.

Ina kuma jan hankalin iyayen da za su sauke ta domin sun ji cewa kiɗan Mozart, shahararren mai tsara kiɗan kilasika, yana ƙara wa yaro basira. Binciken 1993 da ya haifar da wannan magana an yi shi ne a kan ɗaliban jami'a 36 a Kalifoniya, ba jarirai ba, kuma ɗan ci gaban da aka gani a wani gwaji na fahimtar siffofi bai wuce kamar minti goma sha biyar ba. Nazarin da ya biyo baya ya danganta shi da wartsakewa da nishaɗin da mai sauraro ke samu, abin da wani kiɗan da mutum yake so ma zai iya ba shi.

Akwai sashen kyauta da ya isa a gwada, akwai na biya da ke ba da sauti mafi tsabta da damar saukewa a waya, wanda ya fi wa mai lissafin data sauƙi idan ya samu intanet mai arha. Sai dai a nemi iyafis mai kyau da wuri mai shiru, domin wannan kiɗa yakan yi ƙasa har ya zama kamar raɗa, kuma lasifikar waya ko ƙarar janareto na maƙwabta za su cinye rabinsa. Ni lokacin da ya fi yi mini shi ne bayan sallar isha'i, idan yara sun yi barci.