Shagon koyon ɗinki a Agege: inda ake gyara aiki ba a karya yarinya

Duk wanda ke neman inda zai kai 'yarsa koyon ɗinki a Legas, akwai wani ɗan shago a Agege, ba nisa da gadar Pen Cinema, na wata dattijuwa 'yar Kafanchan da muke Zumuntar Mata tare a sashen Hausa na cocinmu. Kowa Mama yake ce mata. Can na kai 'yar ƙanwata, kuma abin da na gani ya sa ba zan iya yin shiru ba.

Yarinyar nan ta fara koyo a wani wuri kafin nan. Can kullum sai an ce mata daƙiƙiya, hannunta ba na sana'a ba ne, a gaban masu kawo ɗinki. Har ta kai in ta ɗauki almakashi hannunta rawa yake yi. Ta daina waƙa a ƙungiyar mawaƙa, ta ce ita ba ta iya komai ba. A Littafi Mai Tsarki, Karin Magana 18:21 ta ce harshe na da ikon rai da mutuwa, ni kuwa a ɗakina na ga hakan.

Kada a ɗauka Mama lallashi take yi. Ina zaune ranar da yarinyar ta haɗa hannun rigar atamfa a karkace. Mama ta ɗaga rigar a bakin ƙofa inda haske yake, ta bi ɗinkin da ɗan yatsa, ta ce, "'Yata, kafaɗar nan ta fita daidai, kin iya awo. Hannun ne ya tattare, don ba ki kama shi da allura ba kafin ki hau keke. Warware, mu sake." Ta miƙa mata reza, ta ja kujera ta zauna kusa da ita har aka gama. Ba ta bar kuskuren ya wuce ba ko kaɗan, amma laifin na hannun riga ne, ba wanda ya taɓa mutuncin yarinyar. Abin da Afisawa 4:29 ke nema ke nan, magana mai gina mai jinta. Na tambaye ta daga baya, sai ta ce wadda Allah ya halitta cikin kamanninsa, ita wace ce da za ta kira ta banza saboda yadi ɗaya? Iyaye da yawa a cikinmu ya kamata mu ji wannan, don mu ma muna zagin 'ya'yanmu da sunan tarbiyya.

Wurin yana da nasa matsaloli. Shagon matsattse ne, kekuna ba su wadatu ba, sai an yi jira. In aka ɗauke wuta, keken ɗinki mai lantarki tsayawa yake, janareton kuma ba kullum ake tayar da shi ba saboda tsadar fetur. Ɗinkin mata kawai ake koyarwa, riga da siket da buba. Mai son aikin shadda na maza sai ya nemi wani wuri.

Yanzu yarinyar ce ke ɗinka mini kayan zumunta, kuma ta koma waƙa. Mama na karɓar kuɗin koyo kashi-kashi, Musulmi da Kirista duk tana ɗauka. Ku je da safe kafin cunkoson hanyar Agege ya taso, kuma ku tafi tare da yarinyar, don sai ta zanta da ita kafin ta amince.