Hattara da masu injin jijjiga da ke cewa suna warkar da shanyewar ɓarin jiki

Jama'ar Sakkwato, duk wanda ke da mai jinyar shanyewar ɓarin jiki a gida ya saurara. Akwai wasu mutane da ke kama shago na ɗan lokaci a cikin unguwa, su sa farar riga irin ta likita, su girka wani faifai mai jijjiga jiki. Da gwaji kyauta suke farawa. Daga baya sai su ce sai an sayi injin an kai gida, a tura kuɗi asusun wani mutum, babu rasit.

Da idona na ga an ɗora wani dattijo maƙwabcinmu a kai, 'ya'yansa biyu na tallafe da shi. Ƙafar da ta shanye tana ta karkarwa, mai injin na cewa, "Kun gani ko? Jijiya ta farka. Baba, in sha Allahu da ƙafarka za ka tafi Juma'a." Ai ko ƙafar wa aka ɗora sai ta yi rawa. Amma ɗan da ya ga ƙafar mahaifinsa ta motsa bayan watanni tana kwance ba ya tsayawa lissafi. Tumakinsu suka sayar suka biya.

Ciwon nan a ƙwaƙwalwa yake. Jijiyar jini ce ke toshewa ko ta fashe, sai ɓangaren da ke sarrafa hannu da ƙafa ya lalace. Kamar taransifoma ce ta ƙone, kai kuma kana ta girgiza ƙwan fitila. Gaskiya ne wasu likitocin gashi, wato masu jinya ta hanyar atisayen motsa gaɓɓai, na amfani da jijjiga don sassauta tsokar da ta sanƙare, amma ƙari ce a kan atisaye, kuma sauƙin ba lallai ya daɗe ba. Abin da ke dawo da motsi shi ne maimaita atisaye kullum, musamman a wata 3 zuwa 6 na farko. Wannan lokaci mai tsada suke cinye wa mutane.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yadda suke cewa a ajiye maganin hawan jini, wai injin na wanke jini. Hawan jini shi ne babban mai jawo ciwon, kuma barin maganinsa na buɗe ƙofar bugu na biyu. Ba su kuma tambayi ko mutum na da gudan jini a ƙafa ko na'urar daidaita bugun zuciya ba, alhali irin waɗannan ba a ɗora su sai da izinin likita. Ga haɗarin faɗuwa.

Har cewa suke injin na yaye baƙin ciki. Kusan mutum 1 cikin 3 na waɗanda suka yi wannan ciwo na faɗawa ciwon damuwa, kuma ciwo ne mai magani. In Inna ta daina cin abinci, tana yawan kuka, a gaya wa likitanta, ko a kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware.

Kafin ku biya ko sisi, ku nemi lambar rajistar NAFDAC ta injin, da lasisin hukumar MRTB mai yi wa likitocin gashi rajista. In suka fara kame-kame, ku tashi. Akwai sashen gashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Wanda kuma aka riga aka karɓe wa kuɗi, kada kunya ta hana shi magana: ya adana shaidar tura kuɗin ya kai ƙara wurin 'yan sanda, ya kuma sanar da mai unguwa tun ba su tattara sun koma wata unguwar ba.