Wane littafi za ka saya in kana son sanin tarihin falsafar Buda?

Littafin da sai an yi odarsa daga waje ba a sayensa da ka, domin kuɗin kawowa kaɗai wani lokaci yakan kamo kuɗin littafin. Ɗalibin falsafa ko na nazarin addinai da wuya ya iya sayen fiye da biyu ko uku a kan fanni ɗaya. Saboda haka kafin ka tura kuɗi, ka san abin da ya kamata ka tarar a ciki.

Abin da ake kira falsafar Buda muhawara ce da aka shafe sama da shekara 1500 ana yi a Indiya, kowane zamani yana gyara na gabansa. Yawancin masu bincike a yau suna sa mutuwar Buda wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tsofaffin littattafan bincike kuma suna cewa 483. Da ka aka riƙe maganganunsa, sai a ƙarni na 1 kafin Miladiyya aka rubuta na harshen Pali a Siri Lanka. Daga nan malaman Abidarma suka farfasa mutum da duniya zuwa ƙananan abubuwa da suke kira darma, har mazhabar Sarvastivada ta ƙirga guda 75. Wajen ƙarni na 2 zuwa na 3 sai Nagarjuna ya ce su ma waɗannan darmomin ba su da zati na kansu, kowanne da waninsa ya jingina, wannan ita ce shunyata. A ƙarni na 4 zuwa na 5 Asanga da Vasubandhu suka kafa Yogacara, masu cewa abin da muke zaton yana waje sura ce da sani ke bijirowa da ita. A ƙarshe Dignaga da Dharmakirti suka mai da hankali kan mantiƙi, suka ce hanyar sani biyu ce rak: riska ta gaɓɓai da kafa dalili. Mataki biyar ke nan, in aka fara ƙirga daga maganganun Buda kansa. Buɗe shafin ƙunshiya ka ƙirga. Littafin da ya ce tarihi yake bayarwa amma ya tsallake Abidarma, ba za ka gane da wa Nagarjuna yake faɗa ba.

Wanda ya fi cancanta ka fara saye shi ne The Foundations of Buddhism na Rupert Gethin, wanda kamfanin ɗab'i na jami'ar Oxford ya fitar a 1998. Babi goma ne, kuma jerinsu ne ƙarfin littafin. Gethin masanin harshen Pali ne daga jami'ar Bristol, amma bai tsare ka a mazhaba ɗaya ba. Ya nemo abin da Terabada ta kudancin Asiya da Mahayana ta Sin da Tibet suka haɗu a kai, ya shimfiɗa shi tukuna, sannan ya nuna inda aka rabu. Babi na biyar ya ba da shi gaba ɗaya ga yadda mabiya Buda na da suke ganin sararin halitta, da duniyoyinsu da sake haihuwa, abin da marubuta da yawa ke ɓoyewa don kada ya kori mai karatu na zamani. Babi na shida kuma, a kan cewa babu wani "ni" dawwamamme a cikin mutum, shi kaɗai ya isa kuɗin littafin. Nan ne ya ɗauki tambayar da kowane ɗalibi ke yi: in babu rai tabbatacce, wa ake sake haifa, wa kuma zai girbi abin da aka shuka? Ya amsa ta da sarƙar nan mai gaɓa 12 ta dogaron abu da abu, ba tare da ya sauƙaƙa ta har ta lalace ba. Abidarma tana da babinta na takwas, Mahayana na tara. Kusan duk maganar da ya ɗauko daga nassi za ka ga inda ya ɗauko ta a ƙarshen littafin, wato kana iya bin sawunsa ka duba da kanka.

Raunin Gethin a fili yake: Nagarjuna da Yogacara sun matsu cikin babi guda, masu mantiƙi kuwa kusan gaisuwa kawai aka yi musu. Wannan gurbin The Golden Age of Indian Buddhist Philosophy na Jan Westerhoff, na 2018, ke cikewa, da babi huɗu manya: Abidarma, Madiyamaka (makarantar Nagarjuna), Yogacara, sai makarantar Dignaga da Dharmakirti. Kada ka fara da shi, zai yi maka nauyi. In kuɗinka na littafi biyu ne, waɗannan biyun ne, Gethin a gaba.

Sauran ba sai an daɗe a kansu ba. What the Buddha Taught na Walpola Rahula, 1959, gajere ne mai daɗin karatu, amma mataki na farko kawai ya rufe, kuma ya zana Buda tamkar malamin jami'a na zamani. Buddhism as Philosophy na Mark Siderits, 2007, ya fi kowa iya jera hujja, tarihi ne ba ya damunsa. Littafin Paul Williams kan Mahayana, na 1989, sai ka gama Gethin. David Kalupahana a tarihinsa na 1992 ya auna kowa da ma'aunin nassin farko, wanda bai dace da ra'ayinsa ba ya zama mai kauce hanya. T. R. V. Murti kuwa, a 1955, ya karanta Nagarjuna da tabarau na Kant, masanin falsafa Bajamushe, da Bedanta, falsafar Hindu, har shunyata ta koma wata Haƙiƙa Maɗaukakiya, abin da Nagarjuna da kansa ya gargaɗi mutane a kai.

Ga wanda ya karanci aƙida a zaure, wannan fanni ba baƙo ne sarai ba. Sumaniyya ɗin nan da aka ruwaito sun yi muhawara da Jahmu ɗan Safwan, suka nemi ya nuna musu abin bautarsa ta hanyar gaɓɓan riska, masu bincike da yawa suna ganin mabiya Buda ne. Babin Westerhoff na ƙarshe zai nuna maka irin makarantar da ke haifar da tambaya kamar wannan.

Yanzu ga inda kuɗi ke salwanta. Kasuwar intanet cike take da littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, wasu suka ɗauki hotonsu, na'ura ta karanta, aka buga da sabon bango da shekarar bana. Na'urar ba ta gane alamomin da ake ɗora wa haruffan Pali da Sansikirit, sai ka ga suna ɗaya ya fito iri uku a shafi guda. Mafi muni su ne na jerin Sacred Books of the East da Max Müller ya shirya a ƙarshen ƙarni na 19. A can harafin k da g masu kwanciya, wato italic, suna nufin sautin c da j. Idan aka sake bugawa kwanciyar ta ɓace, Jataka ya zama Gataka, Cullavagga ya zama Kullavagga, ɗalibi ya kwafa cikin kundinsa na digiri bai sani ba. Kafin ka biya, ka sa mai sayarwa ya turo maka hoton shafi uku: bayan shafin take inda ake sa shekarar bugun farko da sunan maɗaba'a, shafi ɗaya daga tsakiya, da fihirisa. A fihirisar nemi Nāgārjuna ka ga ko layukan kan wasulan suna nan. Idan lambobin shafi na fihirisa ba su dace da na cikin littafin ba, an sake jera rubutun ne da na'ura, bar shi. Lambar ISBN ma ka saka ta a intanet ka ga ko sunan maɗaba'ar da ta fito ya yi daidai da na bango.

Akwai kuma na ƙarya tsagwaronta. The Third Eye, wanda ya fito a 1956 da sunan wani lama, wato malamin addinin Buda na Tibet, mai suna Lobsang Rampa, har gobe ana sayar da shi a sashen addinin Buda. A 1958 aka gano marubucin Bature ne ɗan Ingila, Cyril Hoskin, wanda bai taɓa taka Tibet ba. Da aka tsare shi da tambaya sai ya ce ran laman ne ya shiga jikinsa, daga baya ma ya fitar da littafin da ya ce kyanwarsa ce ta yi masa shifta. Siddhartha na Hermann Hesse shi ba yaudara ba ne, ƙagaggen labari ne na 1922, kuma jarumin ba shi ne Buda ba, amma mutane na sayensa a matsayin tarihin rayuwa.

Littattafan "zantukan hikima na Buda" su ne suka fi yawa, kuma su ne suka fi ɓata ɗalibi. Maganar da ta fi yawo ita ce wai Buda ya ce kada ka yarda da komai sai abin da ya dace da hankalinka. Asalinta huɗubarsa ce ga mutanen Kalama, a kundin huɗubobi na Anguttara Nikaya 3.65, kuma a cikin abubuwan da ya ce kada a dogara da su kaɗai har da tsurar mantiƙi da abin da ya yi daidai da ra'ayin mutum. An juya maganar ne ta koma kishiyarta. Wadda ake cewa mai riƙe fushi kamar mai damƙar garwashi ne don ya jefi wani, kwatancen malamin Terabada Buddhaghosa ne a littafinsa Visuddhimagga, ƙarni na 5 Miladiyya, kusan shekara 800 bayan Buda. Gwajin ba wuya: magana ta gaskiya tana zuwa da adireshi, kamar MN 22 (huɗuba ta 22 a kundin Majjhima Nikaya) ko Dhp 183 (baiti na 183 a Dhammapada). Dhammapada, tarin baitocin da ake jingina wa Buda, baiti 423 ne gaba ɗaya, an kasa su babi 26. Fassarar da ba ta sa lambar baiti ba, ko wadda "mai fassarar" bai san Pali ba sai dai ya sake tsara Turancin wasu, ajiye ta.

Nassin Pali kansa ba sai ka saya ba, shafin SuttaCentral yana da fassararsa kyauta, da asalin rubutun a gefe. Wanda ake kashe wa kuɗi shi ne babban littafin Nagarjuna, Mulamadhyamakakarika, mai babi 27, domin baitocinsa ba sa karantuwa sai da sharhi. Fassarar Jay Garfield ta 1995 daga harshen Tibet aka yi ta, da fahimtar malaman Tibet. Ta Siderits da Shoryu Katsura, ta 2013, daga Sansikirit take, kuma ta bi sharhohin Indiya na da baiti bayan baiti. In tarihin yadda tunanin ya taso a Indiya kake bi, ta biyun za ka nema.