Wasiƙa Daga Biradfod: Maganar Risibar Falo

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kana lafiya, da Hajiya da mutanen gida baki ɗaya. Ya shago, ya zafin bazara? Mu nan sai godiya, sanyi ya fara ja da baya.

Saƙonka ya same ni tun watan jiya, inda ka ce in nema maka risiba ta falo, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti ta raba wa sifiku, irin mai ɗaukar sifika biyar da wufa, sifikar sauti mai kauri, in kuma gaya maka tsakani da Allah yadda kayan sauti suke a Ingila, ko sun kai yadda ake kambama su. Na yi jinkirin amsa ne saboda tawa risibar ta yi ciwo, na ce bari sai na ga ƙarshen jinyarta, don a nan ne na fahimci ƙasar nan fiye da yadda na fahimce ta a kanti.

Bari in fara da abin da zai kwantar maka da hankali. Wutar Ingila da tamu ɗaya ce, bolt 230 mai juyi 50, kuma kan wayarsu mai ƙafa uku shi ne dai wanda yake shiga soket ɗinmu, da ɗan fiyus ɗinsa a ciki. Duk abin da na saya a nan, kana buɗe kwali sai jonawa. Amma tayin da ɗan Kawu na Amurka ya yi maka, ina roƙonka ka yi masa godiya ka bar shi. Tasu wutar bolt 120 ce mai juyi 60, risibarsu ba ta rayuwa a Kano sai da taransifoma mai rage ƙarfi. Rana ɗaya yaro zai tsallake ta ya jona kai tsaye, shi ke nan. Kai ka fi ni sanin adadin waɗanda aka kawo maka shago suna warin ƙauri saboda haka.

Kaya kam akwai su. Ranar hutuna na hau jirgin ƙasa zuwa Lidis, na shiga wani kanti da ake kira Richer Sounds, wanda wani Julian Richer ya kafa a Landan a 1978 yana ɗan shekara 19, a 2019 kuma ya miƙa kashi 60 cikin ɗari na kamfanin ga ma'aikatansa. Denon, Marantz, Yamaha, Sony, duk ga su a jere. Abin da ya burge ni shi ne ɗakin saurare. Za a zaunar da kai a kujera, a haɗa maka risibar da kake so da sifikun da kake so, a rufe ƙofa a bar ka da kunnenka. Na yi kusan minti 40 ban sayi ko waya ba, yaron kantin ya raka ni bakin ƙofa da fara'a. Sifikun Wharfedale da kake yawan yabo, ashe asalinsu nan kusa da mu ne: Gilbert Briggs ya haɗa ta farko a 1932 a ɗakin ƙasa na gidansa da ke Ilkley, daga baya masana'antar ta zauna a Biradfod. Yanzu dai yawancinsu a Sin ake ƙera su. Na tsaya gabansu na daɗe ina tuna waccan tsohuwar da ke saman kanta a shagonka.

A nan ne kuma na gane zancen wat. Kwalayen da ake jibgewa a France Road da Alaba, an rubuta musu 3000 ko 5000 da manyan lambobi, wannan lissafin PMPO ne, ƙarar da ba ta wuce ƙiftawar ido. Risibar da nauyinta ya kai kilo 10 sai ka ga an rubuta mata wat 80 ko 100 ga kowace sifika, a om 8, an kuma faɗa maka sifika biyu kaɗai aka kunna lokacin awon. Idan biyar suka tashi tare, ƙarfin yana raguwa. In ana so a san gaskiyar na'ura, a juya bayanta a karanta wutar da take sha, domin ba ta iya fitar da abin da ba ta sha ba.

Sai doka, wadda ita ce rabin kuɗin da ake biya. Akwai dokar haƙƙin mai saye ta 2015. Ka sayi sabon abu ya fito da aibi, kana da kwana 30 ka mayar a ba ka kuɗinka cif. Bayan haka har zuwa wata shida, mai kanti ne zai gyara ko ya canza, kuma shi ne zai kawo hujjar cewa lafiya lau ya sayar maka. In ta intanet ka saya, kana da kwana 14 ka fasa ko da babu abin da ya same shi. Ba rantsuwa, ba kiran shugaban kasuwa, rasit kawai. Wannan ya shiga raina ƙwarai, don na tuna yadda mutum a gida yake gwada kaya a gaban mai shago, yana fita da shi ya zama nasa da rabonsa.

To amma ni ban sayi sabuwa ba, albashin mai kula da tsofaffi bai kai nan ba. Gwanjo na bi. Gwanjon nan ba irin tokumbon da ya sha teku ya sha rana ba ne. Mutum zai ajiye risiba mai lafiya don kawai an fito da mai sabon tsarin sauti na Dolby Atmos ko mai sabon HDMI, mahaɗar hoto da sauti, ya saka ta a eBay ko Gumtree ko Facebook. Akwai kuma shagunan sadaka irin na British Heart Foundation, inda ake gwada kayan wuta kafin a sa musu farashi. Na sayi tawa fam 140 a hannun wani dattijo, da rimot ɗinta, da littafinta, da makirufon awo a ledarsa. Sai dai ciniki tsakanin mutum da mutum, waccan kwana 30 ɗin ba ta shafe shi ba.

Wata bakwai tana aiki, sai sifikar hagu ta fara ɗaukewa. In ta yi zafi sauti ya tafi, in ka ɗan buga murfin ya dawo. Yaya, ina jin haka na san ciwon, don sau nawa na ga ka kama irinsa: ko dalma ta bushe a ƙafar wani abu, ko rile, ɗan makunnin da ke sakar wa sifika sauti, ya yi datti. Aikin da kake gamawa kafin shayin mai kaya ya huce. Amma ba ni da mita, ba ni da ƙarfen narka dalma, ɗakin haya nake. Na shiga neman mai gyara. Garin da ya tara mutane sama da rabin miliyan, da ƙyar na samu shago ɗaya mai karɓar irin wannan aiki. Ya ce fam 60 kuɗin dubawa kawai, in jira sati uku, kuma in matsalar a fanel ɗin HDMI take, gara in sayi wata don ba sa bin ƙafa ɗaya ɗaya, fanel ɗin gaba ɗaya suke canzawa. Ban ga laifinsa ba, hayar shago da kuɗin awa a ƙasar nan ba wasa ba ne. Amma na fito jikina a sanyaye. Kowace ƙaramar hukuma tana da filin zubar da kayan wuta, in ka je za ka ga amfilifaya a jibge waɗanda kafasita biyu kawai suke nema. Wallahi da za a sauke maka kwantena ɗaya a ƙofar shago, da ka ciyar da gida shekara.

Wata abokiyar aikina ce ta nuna mini mafita. Akwai wani taro da suke kira Repair Café, wanda wata mata, Martine Postma, ta fara a Amstadam a 2009, ya bazu har nan. Sau ɗaya a wata masu sana'a, yawancinsu tsofaffin da suka yi ritaya, suna zama a zauren unguwa da kayan aikinsu, kowa ya kawo abinsa da ya lalace, a gyara kyauta, in ka ga dama ka jefa wani abu a gwangwani. Na kinkimi risibata a bas. Wani tsoho mai rawar hannu ya buɗe ta, ya ɗauki sandar roba yana taɓa fanel a hankali har sautin ya yanke, ya juya ta, ga dalma ta tsage a ƙafar rile kamar zobe. Ya miƙo mini ƙarfen ya ce ko zan gwada. Na karɓa, na like ƙafafu huɗun. Ya duba da gilashinsa ya tambaye ni inda na koya. Na ce a Kano, a wurin yayana, ina ɗan shekara 12 ina riƙe masa tocila. Har na dawo gida maƙogwarona a cushe yake. Abin da ake yi a kowane lungu na Sabon Gari da Fagge, a nan sai an sa masa rana a kalanda, kuma masu yinsa duk sun haura 70.

Wani abin da ba a gaya wa mutum kafin ya zo shi ne bango. Gidajen Biradfod a manne suke, jere guda, bangonka shi ne na maƙwabcinka. Daren farko da na kunna wufa, ko rabi ban kai ba, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Matar ta yi magana da ladabi, jaririnta ne ya kasa barci, kuma gaskiyarta. Daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe doka ta ba ƙaramar hukuma ikon shiga maganar ƙara. Tun ranar na ɗora wufar a kan katifar roba, na rage ta, da dare kuma belin kunne nake sawa. Kai da falonka na bulo da tsakar gida, za ka ji daɗin na'urar nan fiye da ni.

Yanzu ga abin da nake so ka kiyaye in risibar da na samo maka ta iso. Na san haɗa waya ba sai na koya maka ba, kai ka nuna mini yadda ake gane ja da baƙi da batirin tocila, a ga ko cikin sifika ya turo waje. Sai dai waɗannan na zamani suna da saurin fushi, silin waya ɗaya ya taɓa maƙwabcinsa, sai ta kashe kanta tana ƙyafta jar fitila. Ka murɗe bakin wayar sosai. Sifikar tsakiya ta zauna daidai ƙarƙashin talabijin, don ita ke ɗauke da magana. Biyun baya kuma a gefen kujera, sama da kunne kaɗan, kada a rataye su can kusa da silin yadda ake yi don ado. Wufa kuwa, ka ɗora ta a kujerar da kake zama, ka kunna, ka zagaya falon a durƙushe, inda ka ji sautin ya fi cika ba tare da gurnani ba, nan ne mazauninta.

Makirufon nan kada ka raina shi. Denon da Marantz suna kiran tsarin Audyssey, Yamaha kuma YPAO. Za ka kafa shi daidai tsayin kunne, risibar ta riƙa harba ƙara ta kowace sifika, ta auna nisa da ƙarfi da yadda ɗakin yake mayar da amo, ta daidaita kanta. Tana buƙatar shiru, don haka ka bari sai dare, a kashe fanka, janareta ma a kashe, a yi da inbata. In ta gama ka shiga ka mayar da sifikun duka a matsayin ƙanana, ka sa mahaɗarsu da wufa, wato inda take karɓar sauti mai kauri daga gare su, a 80 Hz. Kuma falonka tayil ne da siminti, zai yi amsa-kuwwa. Kafet mai kauri da labule za su yi maka aikin da sabuwar sifika ba za ta yi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne zafi da wuta. Littafinta ya ce an yi ta don yanayin da bai wuce digiri 35 ba, Kano kuwa a watan Afrilu tana haura 40. Kada ta shiga durowa mai gilashi, kada a ɗora mata dikoda a ka, kada a lulluɓe ta da kyallen ado tana aiki. Ka bar mata sarari kamar taƙi guda a sama, ka sa mata ƙaramar fanka. Bayan kowane hunturu a buɗe a hure ƙura. Shekarata uku a nan ban ga sitabilaiza a gidan kowa ba, masu ƙera ta ma ba su yi tunaninsa ba, don haka kai dole ka sa mata mai kyau, mai jinkirta kunnawa. A kashe ta kafin a juya daga wutar gari zuwa janareta. Da damina in hadari ya taso, a zare wayar HDMI da ta fito daga dikoda, domin tsawa ta kan dish take biyowa, kuma fanel ɗin nan ne kaɗai abin da na san ko kai zai ba ka wahala. In tana sabunta manhajarta ta intanet, kada wuta ta yanke a tsakiya. Rediyon dijital na DAB da ke cikinta ba zai kama komai a Kano ba, amma FM lafiya lau, Freedom za ta shigo a 99.5.

Na riga na samo maka ɗaya, Yamaha, a hannun wata mata da za ta ƙaura. Na gwada tashoshinta duka, na bar ta tana aiki awa shida ba ta yi gardama ba. Sifiku ban saya ba, nauyinsu zai cinye kuɗin kago, kuma na san akwatunan da ka haɗa da hannunka om 8 ne, za su zauna da ita. Za ta taso cikin kayan wani ɗan unguwarmu ƙarshen wata. A cikin kwalin na sa rimot, da makirufo, da wayar HDMI biyu, da fiyus na ajiya. Akwai kuma nadin dalma mai kyau guda biyu da sabuwar mita, waɗannan na shago ne. In ta iso ka kira ni ta bidiyo kafin ka jona, ina so in ga lokacin da za ta fara magana a falon.

A gaishe da Hajiya, a ce mata maganin ƙafarta yana cikin kwalin, a gefen dama. Ƙaninka.